Rusau da Cokalin Kofi

A layinmu, idan ka ji ana buga guduma tun kafin ruwan kofi ya tafasa, ba sai ka leƙa ba, Clovis Arceneaux ne. Sunan da ke jikin takardunsa ke nan, amma tun daga bakin gada har kantin da ake sayar da ƙugiya da tsutsar kamun kifi, Rusau kowa ya sani. Siriri ne kamar raken da aka tsotse, ga kunnuwa kamar za su tashi da shi sama, kuma tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa ganin ya ɗumama kujera ba. Ko a coci, Fada na tsaka da wa'azi za ka hango Clovis yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, yana kasa kunne ko ruwa ya shiga.

Sana'arsa ƙasar ce ta zaɓa masa. Kudancin Louisiana ruwa ne aka ɗan barbaɗa wa ƙasa a kai. Duk bayan 'yan shekaru guguwa ta taso daga teku, ta turo ruwa har ƙarƙashin gadon mutane, ta koma abinta. Ruwan ba ya daɗewa. Abin da yake bari a baya shi ne bala'in: fumfuna. Kafin ka gama kukan katifarka ta hau bango, ta shiga kabad, ta yi baƙi, ta yi kore, gida ya ɗauki warin tsohon takalmi. To a nan ake kiran Rusau. Ya gaji aikin ne daga ubansa, ya kuma ƙara masa rashin tausayi. Ƙa'idarsa ɗaya ce, yara ma sun haddace ta: a duba inda ruwa ya tsaya a bango, a ƙara taƙi biyu sama, a yanke. Duk abin da ke ƙasa da wannan layi, bakin titi. Sannan a zuba bilic, ruwan maganin nan mai kaifin wari da ke kashe ta, a kunna fankoki, a buɗe tagogi.

Mata sun riƙe hannunsa suna roƙo saboda hotunan aurensu. Sai ya ce, "Fumfuna ba ta jin lallashi, uwar gida. Bakin titi." Tsoho Ovide, wanda gidansa ke kan kwanar layinmu, ya rungume akodiyon ubansa, abin kiɗan nan mai zugazugi, yana cewa gefe ɗaya kawai ya jiƙe. Rusau ya shinshina, ya zare shi daga hannunsa kamar ana karɓe wuƙa daga hannun yaro, ya ɗora a kan tulin shara. Ovide bai daina gaisawa da shi ba, amma bai manta ba.

Matarsa Earline ta aure shi ne, in ji ta, don ta ga ko akwai ranar da zai zauna. Har gashinta ya yi fari tana jira. Ƙanwarta Zelma kuwa, wadda gidanta ke kallon nasu ta tsallaken titi, kullum safiya tana barandarsu da kofinta, ita da Clovis suna sara da suka kamar kaji biyu a akurki ɗaya. Shi dai tun rasuwar mijinta bai taɓa wuce barandar gidanta ba. Da ya doshi ƙofa sai ta tare.

"Hancin nan naka ba zai shigar mini gida ba, mijin Yaya. Ka shiga da safe, in kwana a fili."

Abu ɗaya tak Rusau ya taɓa tsamowa daga gidan ambaliya bai kai bakin titi ba. Shekarar babban ruwa ne, a wani gida da masu shi suka gudu Texas ba su sake waiwayowa ba. A saman firji ya tarar da akwatin gilashi, ciki da tautau, irin ƙatuwar gizo-gizon nan da wasu ke kiwo, faɗinta ya kai tafin hannu, tana zaune a lungu tana kallonsa kamar shi ne ya makara. Gashin jikinta ruwan ƙasa ne, a murɗe, sak kan Zelma idan ta fito daga wurin gyaran gashi ranar Asabar. Ya ɗauko akwatin a ka, ya ratsa taɓo, ya dire a ɗakinsu na baya, ya kuma raɗa mata suna Zelma. Zelma ta mutane ta yi mako ba ta tsallako titi ba. Da ta huce, sai kowa ya koma kiran gizon Takwara, aka zauna lafiya.

Shekaru suka tafi. Clovis ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi, amma hannu bai ji labari ba. Takwara ta tsufa a hannunsa, ga alama ta girmi motarsa. Abin mamaki, mutumin da ba ya iya tsayawa a gama addu'ar abinci, sai ya tsaya gaban gilashin nan yana kallon halittar da kan yini ba ta ɗaga ƙafa ba. Ya jefa mata gyare, ya canza mata ruwa, ya ba ta labarin siyasa. Earline ta ce ita kam ta gode, an samu mai sauraro.

A bara ne aka ce tsohon gidan ubansa na bakin rafi ya gama yawo, ƙasa na cinye shi. Clovis da kansa ya rushe shi, ya kai komai bakin titi yadda ya saba yi wa kowa. Sai dai da ya dawo gida, akwai wani guntun katako a aljihun wandonsa, daga jikin ƙofar kicin, wurin da tsohon ke dafawa idan zai cire takalmi. Bai gaya wa kowa ba. Ya goge shi, ya kafa wa Takwara a cikin akwati ya zama rumfa. Ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu, ko in ce hannu takwas, ta haƙa rami a ƙarƙashi ta tare.

To bana damina ta zo da hauka. Ruwa safe, ruwa yamma, iska kamar tawul ɗin da aka tsoma a ruwan zafi. Ana cikin haka na'urar sanyaya ɗakinsu ta mutu, mai gyara ya ce sai ya gama da rabin gari. A daidai lokacin Takwara ta daina cin gyare, bayanta ya yi duhu, ta shige rami ta liƙe bakinsa da yanarta da ƙasa. Clovis ya san wannan. Saɓa za ta yi, kamar yadda maciji ke yi, ta fita daga tsohuwar fata. Ya kuma san tsohuwar tautau ba kullum take fita daga saɓa da rai ba, kuma muddin ta rufe ƙofa, taɓa ta kisa ne.

Wata safiya ya shiga ɗakin baya, hancinsa ya riga idonsa. Ya tsaya. Ya durƙusa. Ga ta nan a jikin katakon ubansa, fara sol, mai laushi kamar audugar rimi, ta fara gangarowa kan ƙasa ta nufi bakin ramin.

"Tsohuwa," ya kira matarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Zo ki ga baƙuwa."

Earline ta zo da cokali a hannu ta leƙa. "'Yar wannan? Ai ko a kan burodi na sha ganin wadda ta fi ta."

"Haka take farawa. Ta cikinta Takwara ke numfashi, cikin kuwa a manne da ƙasa yake. In ta fito da sabuwar fata, jikinta kamar dafaffen ƙwai, ta tarar da wannan a bakin ƙofa..."

"To cire katakon mana."

"Shi ne rufin ɗakin. Na ɗaga, ramin ya rufta mata."

"To bar shi."

Ya dube ta kamar ta zagi uwarsa. Rusau ya bar fumfuna? Ya fita baranda, ya dawo. Ya buɗe taga, ruwa ya feso, ya rufe. Ya je gareji ya kwaso tsofaffin fankokin aiki, manya-manyan nan masu ƙarar jirgi, ya jere su a ɗakin ya kunna. Labule ya tashi, kalanda ta bar bango, gilashin akwatin ya hau rawa a kan tebur. Ya kashe su da sauri, don girgiza ma tana firgita mai saɓa. Ya ɗauko galan ɗin bilic, ya tsaya da shi a ƙofa, ya tuna ko warinsa ya isa ya kashe ta, ya mayar. Kafin rana ta take ya zagaya gidan nan har karen maƙwabta ya gaji da binsa da ido ya kwanta.

Labari a layinmu ba ya buƙatar mota. Da yamma sai ga Ovide ya dogaro sandarsa, ya tsaya a bakin baranda yana murmushin da ya daɗe yana ajiya.

"Rusau, na ji an ce ka yi baƙuwa."

"Ƙarama ce."

"Haka na ce maka ranar akodiyon." Ya gyara tsayuwa. "Ai abin ba wuya. Ka duba inda ta tsaya, ka ƙara taƙi biyu, bakin titi. Ko in taya ka ɗauka? Ba ta jin lallashi fa."

Wannan ne karo na farko da aka ga an jefi Clovis da magana bai rama ba. Zelma, wadda ke zaune tana ɓare jatan lande na miyar gumbo, ta ɗaga kai ta dube shi, ba ta yi dariya ba, ita da ko tuntuɓe ya yi sai ta tafa.

Washegari ya buga wa wata mata waya, mai kiwon tautau a Lafayette, wadda yake sayen gyare a wurinta. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ya nemi ƙaramin cokali ya kwashe abin da ido ke gani kawai, ya daina jiƙa ƙasar, ya ƙara wa murfin ƙofofin iska, sannan ya sa hannuwansa a aljihu. Ta ce farar fumfuna takan yi ta gaji ta mutu idan wuri ya sha iska, amma hannun mai gida ya kashe tautau fiye da yadda fumfuna ta kashe.

"Har yaushe zan jira?"

"Har ta buɗe ƙofa da kanta."

"Wato yaushe?"

"Tambaye ta," in ji matar, ta ajiye waya.

Sai ga Rusau, mutumin da ya yi rayuwarsa da guduma da ƙarfen ɓamɓare bango, ya sa tabarau, ya ɗauki ɗan cokalin kofin Earline, na kayan aurenta, wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Ya aro matsefatar da Zelma ke tsige gira da ita. Yana kwasar fumfuna kaɗan-kaɗan, yana riƙe numfashi, gumi na ɗiga daga kan hanci. Murfin kuwa ya kai shi bayan gida, ya gasa ƙusa a wuta ya huda shi har ya koma rariya. Wuri ya yi fes. Ya yi barci rabi da rabi.

Da gari ya waye ta dawo. Ba a inda ya kwashe ba, ta ƙarƙashin katakon ta ɓullo, ta gefen da cokali ba ya kaiwa. Ya kwashe abin da ya samu. Jibi ta sake leƙowa. Haka suka yi ta yi, shi da ita, kamar masu wasan ɓuya, ramin kuwa shiru. Abinci ya daina shiga. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya wanke mota cikin ruwan sama, ya aske ciyawar Ovide ba a sa shi ba. Da ya zauna sai ƙafa ta hau kaɗawa har kofuna su yi ƙara a kan tebur. Duk abin da ya sani a duniya yana gaya masa abu ɗaya: abin da kake gani a waje somin-taɓi ne, ainihin ɓarnar tana ciki. Bai taɓa buɗe bango ya tarar da ƙarya a wannan magana ba.

Ranar Laraba da hantsi haƙurin ya ƙare. Earline ta shigo ta same shi da safar hannu, ga sabon akwati a gefe da busasshiyar ƙasa, ga wuƙar fenti a hannunsa.

"Clovis, me za ka yi?"

"Zan ɗaga a hankali, in ɗauke ta, in mayar nan. Ko minti ba za a yi ba."

"Matar nan ta ce ka bari."

"Matar nan ba ta taɓa buɗe bango ba. Ni na san abin da ke ciki."

"Ka sani, ko hannunka ne ke ƙaiƙayi?"

Ya ɗauki tocila ya sunkuya ta ƙarƙashin tebur, inda ramin ya taɓo gilashi ya bar wata 'yar kafa kamar ƙwayar wake. Ya haska. Ya daɗe a sunkuye. Takwara na kwance rigingine a kan shimfiɗar yana, ƙafafu a sama, ba motsi. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu, amma tautau ba ta mutuwa a rigingine, dunƙule ƙafafu take yi a ƙarƙashinta. Saɓar ce ta fara. Daga nan zuwa ta fita, ko tari mai ƙarfi bai kamata a yi kusa da ita ba. Kuma ta cikin kafar nan ya hango wani fari-fari a rufin ramin, bai iya bambance ko yanarta ce ko fumfuna ba.

Ya miƙe, wuƙar fentin na hannunsa har yanzu. Ya kai ta bakin murfi, ya janye. Ya sake kaiwa.

"Mijin Yaya."

Zelma ce a bakin ƙofa, da rigar barci da abin naɗe gashi cike da kai. Ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba, ta ce ba ta gaisawa da mai ƙafa fiye da huɗu.

"Gimbiya, ba yanzu ba."

"Yanzu kuwa. Zo ka ga wani abu a gidana."

"Gidanki? Ni?"

"Kai fa. Ɗauko gudumarka." Ta nuna tsallaken titi. "Bangon banɗakina, bayan bahon wanka. Tun babban ruwa yake baƙi. Fenti nake shafa masa duk Kirsimeti."

Earline ta juyo. "Zelma, tun babban ruwa?"

"Yaya, don Allah bar ni da abin da ya dame ni." Ta dubi Clovis. "In dai sai ka rusa wani abu yau, ga nawa can. Ka bar mini takwara ta sauya zanenta cikin sutura. Tsohuwar mace na tuɓewa, ƙato na tsaye a kanta da wuƙa, ko kunya babu."

Hancin Clovis ya buɗe kamar na dokin da ya ji ruwa. Ya dubi akwatin, ya dubi titi. "Na faɗa. Na sha faɗa wa yayarki ina jin wari daga barandarki, ta ce turarenki ne."

"To ka ji daɗi. Wuce mu je, kafin in canza ra'ayi."

Ya ajiye wuƙar fentin a kan tebur. Earline ta ɗauke ta ta jefa a aljihun rigar girkinta, ta ja ƙofar ɗakin, ta murɗa makulli, ta sa a rigar mama inda ta san ba mai bi.

Yinin ranar duk layin ya sha ƙarar guduma. Ya duba inda baƙin ya tsaya, ya ƙara taƙi biyu, ya yanke. Da ya buɗe, abin da ke ciki ya fi na waje sau nawa, ya kira kowa ya zo ya gani, har Ovide. Bango ya fita, kabad ya bi, katakon ƙasa ya bi. Zelma na zaune a kujerar roba a tsakar ciyawa tana kallon kayanta na tafiya bakin titi, tana zaginsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana amsawa daga ciki da fara'a. Lokaci-lokaci gudumar kan yi shiru, ka gan shi ya fito ya tsaya yana kallon tagar ɗakin baya ta tsallaken titi. Sai Zelma ta ce, "Kai, ban biya ka kallo ba," ya koma. Washegari ma haka, da wanda ya biyo. Earline ce kaɗai ke shiga ɗakin Takwara da ɗan cokalinta, ta fito ta ce ba labari.

Ana cikin haka ruwa ya ɗauke, mai gyara ya zo, sanyi ya dawo gidan. Fumfunar jikin katako ta fara yanƙwanewa, ta koma toka-toka. Ranar Lahadi bayan an taso coci, Earline ta buɗe ɗakin ta tsaya, sannan ta leƙa ta taga ta yafito shi. Ya tsallako titi da kayan cocinsa, bai ko duba mota ba.

Bakin ramin a buɗe. A gefen kwanon ruwa ga tsohuwar fata an turo waje, a yashe kamar safar hannun da aka cire. Takwara na zaune a bakin ƙofarta, gashi sabo, baƙi mai sheƙi, a murɗe tsaf. Clovis ya ƙirga ƙafafu da ɗan yatsa daga bayan gilashi. Bakwai. Ta baya ɗaya ta maƙale a tsohuwar fatar, ta bar ta can. Ya ce ba komai, in da rabon wata saɓar za ta tsiro. Sai ya jawo kujera ya zauna. Earline ta ce ta duba agogo don ta shaida, har kofinsa ya huce bai tashi ba.

Sai da jikinta ya yi ƙwari ta fara cin gyare sannan ya mayar da ita sabon akwati, ya ɗaga katakon. Fari-farin rufin nan yanarta ce, amma cikin katakon kansa ya ci fumfuna har tsakiya. Ya juya shi a hannu. Ya fita da shi, ya doshi bakin titi inda tarkacen Zelma ke jibge, mutanen layi na baranda suna kallo. Ya tsaya a gaban tulin, ya daɗe, babban yatsansa na shafa wurin da hannun ubansa ya lotsa.

Earline ta biyo shi ta zare katakon daga hannunsa. Ashe ta riga ta tambayi matar Lafayette. Ta kankare shi da burushi, ta sa a obin da wuta kaɗan-kaɗan, ya gasu tare da burodin masara har ya bushe ƙayau. Gidan ya yini yana warin tsohon kicin ɗin bakin rafi. Da ya huce aka mayar wa Takwara rumfarta.

Ovide ya ji labari, ya dogaro sanda ya zo.

"Rusau, ashe ana gasawa?"

"Katako ne, Ovide. Ƙarami."

"Akodiyon ma ai da katako a jikinsa. Obin ɗin matarka ne bai kai ba, ko a lokacin ba a ƙirƙiro wuta ba?"

Clovis ya sosa kunne, ya ce a zuba wa tsoho kofi.

Banɗakin Zelma kuwa har yau babu bango, don Rusau gwanin rushewa ne, gini ba fanninsa ba ne. Kullum safiya za ka gan ta ta tsallako titi da tawul da kwandon sabulu, ta wuce ta gaban ɗakin baya. Takan ɗan tsaya a ƙofa, ba ta shiga, ta ce, "Takwara, an tashi lafiya? Ni dai saboda ke nake wanka a gidan mutane." Clovis kuma daga baranda, ƙafa na kaɗawa, ya ce ta yi sauri, yana so ya ƙwanƙwasa bangon kicin ɗinta kafin rana ta yi zafi.